TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 6: Tukunyar burkutuna ta farko

Toh jama'a, a makon jiya mun tsaya inda aka kai ni gidan Gwaggo a ƙauye bayan rikicin Jos na watan Satumba 2001, wanda ya cinye shagon Baba ya bar mu ba ko sisi. Yau zan faɗa muku sana'ar da ta riƙe mu. Na san da yawa cikin masu karatu Musulmi ne, abin ba zai muku daɗi ba, ku yi haƙuri, rayuwata ce nake bayarwa kuma ba zan ɓoye abin da ya biya min kuɗin makaranta ba.

Gwaggo burkutu take dafawa. Duk ranar kasuwa tsakar gidanta cike yake da manoma, kowa da ƙwaryarsa a hannu. Wata uku ina ɗebo ruwa da faskaren itace kawai, ko muciya ba ta bari na taɓa, sai wata safiya ta auno jar dawa mudu biyar ta dire a gabana ta ce "Yarinya, wannan taki ce, in ta lalace ke kika yi asara."

Aikin ba na kwana ɗaya ba ne. Ana jiƙa dawar ta kwana a ruwa, a tsame, a shimfiɗa a ɗaki mai duhu a rufe da ganye ko buhu, safe da yamma ana yayyafa ruwa ana juyawa har kwana uku zuwa huɗu sai ta fito da tsiro fari kamar zare. Tsiron nan shi ne komai, shi ke mai da garin dawa ya yi zaƙi, in babu zaƙi babu abin da zai tashi. Na tuna ina durƙushe da fitilar ƙwai ina tura hannu cikin dawar ina jin ɗuminta kamar jikin kaza mai kwanci, ƙamshinta kuwa har yau ina jinsa a hanci. Daga nan a shanya a rana ta bushe ƙarau, a kai inji a niƙa.

Ranar dahuwa tun asuba muka hura wuta. An dama garin da ruwa, ya kwanta, aka tsiyaye ruwan sama aka ajiye gefe, aka dafa na ƙasan yana ta tafasa ina tuƙawa hayaƙi na shiga min ido, sannan aka mayar da ruwan nan aka bar shi ya kwana ya yi tsami. Washegari a sake dafawa awa da awa. Har nan ban yi kuskure ba, Gwaggo ma ta ɗanɗana ta gyaɗa kai.

Inda na faɗi shi ne wajen zuba ƙasan tsohuwar giya, wannan kaurin da ke kwanciya a gindin randa, wanda shi ke sa sabuwa ta tashi. Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa, ta ce in jira ya huce sosai. Ni kuma ga gajiya ga barci, na tsoma yatsa na ji da sauran zafi amma na ce ai ba komai, na juye na rufe na je na kwanta.

Da safe na buɗe randa shiru. Ba kumfa, ba wannan ƙarar sisisi da ake ji in ta kama. Zafin ya kashe ta. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka don na san kuɗin dawar nan bashi ne.

Gwaggo ba ta zage ni ba. Ta kama hannuna ta tsoma bayan hannun cikin ruwan wankan jikanta ta ce "Kin ji? In jariri ba zai iya shiga ba, ita ma ba za ta iya ba." Ta aike ni gidan maƙwabciya da ƙoƙo na roƙo wani ƙasan giyar, muka zuba, zuwa la'asar randa ta fara numfashi. Ranar kasuwa ta wuce mu dai, kuma burkutu ba ya jira, kwana biyu ya yi tsami, sai muka sayar da rabi a araha ga masu gayyar noma, dusar kuma aka ba aladu.

Mudu biyar ɗin da na ci bashi sai da na yi sati uku ina biya. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da Mama ta zo daga Jos ta same ni a bakin murhu.