Koyar da salon maganar nan na Turanci, "turn over a new leaf"

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a ajin ƙarshe na sakandare, nakan daɗe a kan "turn over a new leaf", domin irinsa ne hukumar WAEC take kawowa inda ake ba ɗalibi jimla a ce ya zaɓi ma'anar da ta fi dacewa. Yawancin waɗanda nake tambaya sukan ce ganyen bishiya ake nufi da kalmar "leaf", har wani ya kawo misalin tohon damina. Amma a Turancin Ingila na ƙarni na 16, lokacin da maganar ta fara yaɗuwa, warƙar littafi ake nufi, wato mutum ya juya takardar da ya cika da rubutu ya koma kan wadda alƙalami bai taɓa ba. Waɗanda suka yi Islamiyya sukan riga kowa ganewa, saboda sun san a Larabci ma kalmar waraƙa tana ɗaukar ganye da takarda.

Ma'anar ba ta da wuya: mutum ya bar mugun hali ya kama na kirki. Wajen amfani ne ake tuntuɓe, domin da zarar ɗalibai sun ji maganar ta shafi gyara, sai su liƙa ta a kowane irin ci gaba, alhali marar lafiyan da ya samu sauƙi "on the mend" ake ce masa, cinikin da ya bunƙasa da sauri kuma a ce ya ƙaru "by leaps and bounds". Wannan kuwa ta hali ce, kamar mashayin da ya daina ko yaron da ya bar fashin makaranta.

Abin da na fi jaddadawa shi ne akwai zargi a cikinta, tunda ba a faɗa wa mutum ita sai an yarda cewa halinsa na baya ba shi da kyau. Wata ɗaliba ta taɓa sa ta a wasiƙar gwaji ta taya kawunta murnar samun sabon aiki, sai na ce mata, "'Yata, ai kin ce wa Kawu ya shiryu ke nan." Tun daga nan nake umartar ɗalibai su yi amfani da ita a kan kansu ko a kan ƙannensu, idan kuwa babba suke rubuta wa, su tsaya ga taya murna da addu'a.