Bidon da ya hi ƙarfin hannuna

Jiya da hantsi yaron shagonmu ya dawo daga kasuwa da bido na lita 5, wai ruwan bateri ne haɗaɗɗe, wato asid da aka sirka da ruwa, mai saidawa ya ce mishi a zuba kawai. Ba takarda ba komi a jikinshi, hwari tas kamar ruwan pampo. Ina ɗagawa na ji hannuna ya yi ƙasa, na ce kai wanga abu akwai magana.

Ni dai ba wani lekol mai zurhi na yi ba amma shekaruna ina gyaran baterin mota da na sola sun koya min nauyi ba ya ƙarya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Ruwan bateri da aka haɗa daidai, lita tana kai kilo 1.28, kenan bidon nan bai kamata ya wuce kilo 6 da rabi ba. Na aro sikeli wajen maƙwabcinmu mai saida siminti da ƙusa, muka ɗora, sai ga kilo 9 da ɗoriya. In ka cire nauyin robar ka raba biyar, kilo 1.84 za ka samu a kowace lita, wato asid ɗanye, sulfurik wanda ko ɗigon ruwa ba a sa mai ba.

Yaron ya ɗauko pez-asid, abin auna ƙarhin ruwan bateri, wancan gilashin mai roba a kai da ɗan abin da ke yawo a ciki, zai tsoma, na ce ajiye! shi iyakarshi wajen 1.30 ne, kuma ba na son ka kai hannu bakin bidon nan ba safar roba ba tabarau. Ya ce maigida to in ƙara mishi ruwa mana ya sassabta. Nan ne gabana ya hwaɗi wallahi, don in ka zuba ruwa kan asid take yake ɗaukar zahi ya tafasa ya yi tsartuwa a huska. Asid ɗin ake tsiyayawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana motsawa, ruwan ma tatacce na bateri, ba na rijiya ba.

Da la'asar muka haɗa a waje ƙarƙashin bedi, bokitin ruwa da kanwa na gefe ko da zai zube. Sai da ya huce sannan muka auna, don da zahi awon yakan nuna ƙasa da gaskiya. Ɗigo guda ya taɓa min wando, yau da sahe na ga ya huje.