Filayen Ƙwallon Ƙauye: Daga Bauchi Zuwa Tula A Kan Keke

Wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Gombe a mota zai iya rantsewa babu filin ƙwallo ko ɗaya a ƙauyukan da ke tsakani. Ba laifinsa ba ne, filayen ba sa bakin titi. Suna bayan makaranta, ko bayan kasuwa, ko can ƙarshen gari inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Mai keke kuwa kunnensa ke kai shi. Da la'asar ta yi sanyi za ka fara jiyo usur da ihun yara daga nesa, sai ka saki kwalta ka bi ƙura.

Da hunturu na fita, bayan an gama girbin dawa, da asuba ina sanye da rigar sanyi, jaka ɗaure a kariya, famfo da kayan faci a ciki. Kafin in bar gari na bi ta gefen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, gidan Wikki Tourists, waɗanda suka ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998. A filin nan aka buga wasu daga cikin wasannin kofin duniya na matasa a 1999, aka sake kawo na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Na ambace shi ne domin shi ne filin da yaran ƙauyukan nan suka fi tambayata a kai. Da sun ji daga Bauchi nake, sai su ce, "Yaya, da gaske ciyawa ce shimfiɗe ko'ina?"

Filin farko da na tsaya a kansa, kafin in kai Dindima, gona ce. Ina nufin gona sosai, wadda aka cire amfaninta watan jiya. Samarin sun bi da fartanya sun baje kunyoyin, sun tumɓuke tushiyar dawa sun tara a gefe, amma har yanzu idan ka duƙa ka hango ƙasar za ka ga layin kunya yana tafiya daga wannan raga zuwa waccan. Ƙwallo idan ta taho a ƙasa ba ta da alƙawari, tana iya tsalle ta wuce ƙafarka. Shi ya sa yaran nan suka iya tarbar ƙwallo a sama fiye da yadda na zata, da ƙirji da cinya da ka. Ragar kuwa itacen darbejiya ne guda biyu masu baki, aka kafa, aka ɗaura igiya a sama. A doka faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. A nan faɗin taku ne na wanda ya fi kowa tsawo, tsayin kuma iya inda hannun mai tsaron gida ya kai idan ya yi tsalle. Duk ƙwallon da ta wuce kusa da igiyar sai an yi gardama, waɗannan na cewa ta shiga, waɗancan na cewa sama ce.

Mai gonar yana zaune a gindin tsamiya yana gyaran igiyar shanu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba sa ɓata maka gona?"

Ya ce, "Me za su ɓata? Ƙasa ce. Daga yanzu har ruwan farko tasu ce. Ranar da hadari ya haɗu su da kansu za su tuge itacen, su zo su taya ni huɗa. Da su tafi inda ban sani ba, gara ina ganinsu."

Maganar dattijon nan ita ta canza yadda nake kallon duk filin da na gani bayansa. A ƙauye ƙasa ita ce abinci. Filin ƙwallo cikakke, irin mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ya kusa kashi uku cikin huɗu na hekta guda. Duk mai noma ya san abin da wannan zai ba shi na masara ko gyaɗa. To duk inda ka ga fili a buɗe yara na gudu a kai, wani ne ya haƙura da buhunansa, ko na rani kaɗai ko na shekara duka. Ba ya samuwa haka kawai.

A Dindima, inda hanyar Yankari ta rabu, na tsaya kan gada na leƙa kogin Gongola. Ruwa ya ja baya ya bar yashi fari, ƙananan yara sun ajiye silifa biyu-biyu a matsayin raga suna fafatawa. Ban daɗe ba, na sha ruwa na wuce.

Abokin gabar mai keke a ƙasar nan tsidau ne, kuma shi ne abokin gabar ƙwallo. Da na bar kwalta bayan Alkaleri na shiga hanyoyin ƙasa ta wajen Kirfi, tayar baya ta sace, na tura keken zuwa rumfar wani mai faci. Ina zaune sai ga yara uku da ƙwallo a hannu, ta yi laushi. Ya zare zaren ɗinkin gefe guda, ya fito da robar ciki, ya tsoma a kwanon ruwan da ya gwada tiyub ɗina, ya nemo hujin, ya manna faci, ya ce su kai wa mai gyaran takalma ya ɗinke. Ƙwallon nan ta sha faci har fatar ta sauya kama. Ya ce mini karo-karo suke yi su saya, kuma akwai wanda aka ba amanar ajiyarta, a ɗakinsa take kwana. Idan ya yi tafiya bai bar ta ba, ranar babu wasa a garin. Kafin a fara buga sabon fili, in ji shi, sai an yi gayya an share da tsintsiya da reshen ƙaya, an ja tsohon bargo a ƙasa ya kwashe tsidau, domin yawancinsu ba takalmi suke bugawa.

Filayen da ba sa tashi da damina kusan duk na makarantun firamare ne. Wannan yana da tarihi. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Bauchi, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta kafa makarantu a ƙauyuka, dagatai da masu unguwanni suka yanka musu ƙasa mai faɗi tun lokacin da ƙasa ba ta yi tsada ba. Azuzuwan da yawa sun tsufa, wasu iska ta kwashe rufinsu, amma filin na nan. A nan ake taron siyasa, a nan ake rigakafi, wani wurin har sallar idi, da yamma kuma na 'yan ƙwallo ne.

A irin wannan fili na ci karo da wasan da ya fi tsaya mini a rai. Ƙauye biyu ne maƙwabta suka haɗu a gasar da samari suka shirya bayan kaka. Tun azahar aka ja layi da toka, yara suka bi gida-gida suna tara ta daga murhu. Ragar ƙarfe ce, tsohon bututun rijiyar burtsatse da mai walda ya haɗa. Baƙin sun iso a bayan a-kori-kura suna kiɗa da galan, 'yan acaɓa suka jera baburansu suka zama katanga. 'Yan mata da farantin gyaɗa da rake da awara, wata Bafulatana da ƙwaryar fura da nono a gefe. Alƙalin wasa malamin makarantar ne, an zaɓe shi domin ya koyar da rabin 'yan wasan ɓangarorin biyu, babu mai iya ɗaga masa murya. Jesin ɓangare guda na Barcelona ne, ɗayan kuwa kowa da irin tasa, sai dai duk launin ja ne. Masu lamba 7 sun kai uku, kuma duk ukun Ahmed Musa ake kiransu.

Ana tsakiyar wasa sai ga garken shanu, domin burtali ya ratsa ta kusurwar filin. Malam ya hura usur, kowa ya tsaya a inda yake, makiyayin ya ɗaga sanda ya gaisa da mutane, shanun suka wuce, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Babu wanda ya ɗaga murya. Na san yadda maganar burtali da gona take zafi a wurare da dama, shi ya sa abin ya burge ni ƙwarai. Daga baya na ga ƙanen makiyayin nan ne ke buga baya a ɓangaren masu gida.

Akwai wani yaro siriri mai buga tsakiya, ba zai wuce shekara sha biyar ba, ƙafa ɗaya da takalmin roba ɗaya babu. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga ya san inda zai kai ta. Babu wanda ya koya masa, a gidan kallon ƙwallo yake gani da daddare ya zo ya gwada da yamma. Zuciyata ta yi nauyi ina kallonsa, domin daga filin nan zuwa Wikki Tourists ko Gombe United babu wata hanya da aka shimfiɗa masa, sai dai in Allah Ya kawo wani ya gan shi. Ba agogo ya tashi wasan ba, kiran sallar magariba ne. An tashi kunnen doki, aka ce a dawo ranar kasuwa.

Da na doshi Gombe sai labari ya sha bamban. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 yake faɗaɗa, ƙauyukan gefe suna shigewa cikinsa. A wani wuri na tarar da raga ɗaya tsaye, ɗayar kuwa babu, a inda take an zuba bulo an fara tona harsashin gini. Ƙananan turakun siminti sun bi tsakiyar filin, an yanka shi fuloti-fuloti. Samarin da na samu a rumfar mai shayi suka ce shekara da shekaru suna bugawa a nan, mai filin ya rasu, magada suka raba suka sayar. Ba zan zargi magada ba, haƙƙinsu ne. Abin da ya dame ni shi ne ba a taɓa rubuta filin da sunan jama'a ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a ƙasar karkara, don haka hanyar tana nan. Amma 'yan siyasa sun fi son sayen kofi da jesi mai hotonsu, abin da za a gani a yi tafi, a kan su bi takardar da za ta tsare filin. Na tambayi samarin inda suke bugawa yanzu. Ɗaya ya nuna mini wayarsa.

Daga Gombe na yi kudu, Kumo, Billiri, Kaltungo. Ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka matso, na hau hanyar Tula mai hawa da lanƙwasa, wani wurin ina tuƙi wani wurin ina turawa. A kan tudun nan samun shimfiɗaɗɗen wuri aiki ne. Filin da na gani ya karkata, har masu wasa suna cewa wanda ya fara da gangara sai ya ci da wuri, domin bayan hutu hawa zai yi. Duwatsun da suka tono daga ciki su suka jera a gefe suka zama wurin zaman 'yan kallo. A yankin nan ne na ga 'yan mata 'yan makaranta suna atisaye da malamarsu, da gaske suke yi kuma sun iya. A filin samari kuwa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci ƙungiya ɗaya suke, a gida kowa da yarensa, amma a fili Hausa ake yi: "Ba ni! Saki! Bayanka!"

Wani dattijo daga cikin masu faɗa a ji na ƙauyen ya zagaya da ni iyakar filin. Sun dasa darbejiya a jere a ɓangarori uku, ya ce kowace bishiya akwai gidan da ke ba ta ruwa har ta kama. Na ce, "Ranka ya daɗe, don inuwa?" Ya ce inuwa ma, amma babban dalili shi ne kada wani ya wayi gari ya ce gonarsa ta kai nan. Sun zauna da mai gari da iyalan da suka ba da ƙasar, an rubuta, kowa ya sa hannu, an kai kwafi ƙaramar hukuma. Yanzu abin da suke tara wa kuɗi shi ne hayar motar gyaran hanya ta zo ta daidaita musu gangaren kafin damina, kuma ya ce sun riga sun haɗa fiye da rabi.