Godiya daga Ishinomaki: mun koma gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida da na waje. Alhamdu lillahi, ni da maiɗakina da yara mun koma gidanmu na Ishinomaki bayan ƙaramar Sallar nan. Tun ranar Juma'a 11 ga Maris, 2011, da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afka wa arewa maso gabashin Japan da ƙarfe 2:46 na rana, ba mu sake kwana a cikinsa ba sai yanzu. Mun tsira ne da muka hau tudun Hiyoriyama kafin igiyar tsunami ta iso, dusar ƙanƙara na zuba a kanmu. A garin nan kaɗai an rasa rayuka sama da 3,000, ciki har da yara 74 na makarantar firamare ta Okawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babbar godiyata ta tafi ga 'yan sa-kan da suka kwashe mana laka, ko da yake na san da wuya ɗayansu ya iya karanta Hausa. Ina so ku da za ku karanta ku san abin da suka yi.

Ruwa ya janye ya bar wani baƙin taɓo daga ƙasan teku, haɗe da man jirage da ruɓaɓɓen kifin masana'antun bakin tashar jiragen ruwa. Wari kam sai wanda ya shaƙa. Tabarmar tatami da ake shimfiɗa wa ɗaki, wadda mutum ɗaya ke ɗauka idan a bushe take, ta sha ruwa har sai an taru ake ciccibarta. Bayan an fitar da ita sai a ɓamɓare katakon daɓe, a shiga ƙarƙashin gida a durƙushe da ƙaramin shebur ana cika buhuna, a tura su da baro zuwa bakin titi, sannan a barbaɗa farar ƙasa a jira wurin ya bushe. Wannan aiki ne suka yi mana, ɗaliban jami'a da ma'aikatan ofis da suka ɗauki hutu, har da wani dattijo daga Kobe da ya ce ramuwa ya zo yi, domin an taimaki garinsu a girgizar 1995.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke zuwa da komai nasu: abinci, ruwan sha, takalmin roba, safar hannu, takunkumi. Kwanansu a tanti a filin jami'ar Senshu ta nan garin. Ni Bahaushe, baƙo ya yini yana wahala a gidana ya tafi bai ci komai ba, abin ya dame ni ƙwarai. Da kyar suke karɓar ko shayi, wai kada su rage mana ɗan abin da muke da shi. Kuma ba sa jefar da ko cokali sai sun tambayi surukata. Hotunan da suka tsinta a cikin laka gefe suke ajiye su, wasu suka wanke su ɗaya bayan ɗaya, har hoton auren surukaina ya dawo hannunsu.

Ina gode wa ƙungiyar Peace Boat da cibiyar 'yan sa-kai ta gari, waɗanda suke rarraba mutane gida-gida kowace safiya. Haka sojojin Japan da suka buɗe hanyoyi suka kafa mana wurin wanka da ruwan zafi, da ma'aikatan asibitin Red Cross na Ishinomaki da ba su runtsa ba a kwanakin farko. 'Yan uwa Musulmi 'yan Pakistan da suka riƙa zuwa da manyan tukwane suna dafa shinkafa da miyar kori ga kowa da kowa, Allah ya saka muku da Aljanna. Ranar da na ci naman halal daga hannunku ba zan manta da ita ba.

Sai ku na gida. Hajiya, ki yafe mini kwanakin da kika yi ba ki ji muryata ba, layukan waya ne suka katse. Yaya, kuɗin da kuka haɗa sun iso, da su muka sayi katako. Waɗanda suka matsa mini in kwaso iyali in dawo saboda hatsarin da ya auku a tashar nukiliya ta Fukushima, na san ƙauna ce ta sa. Tsakaninmu da ita akwai sama da kilomita 100, kuma ba zan iya barin tsofaffi biyu cikin laka in hau jirgi ba.

A lokacin da muka koma, aiki bai ƙare ba. Ƙasa ta nutse a unguwanni irin su Watanoha, ruwan teku na shiga titi duk lokacin da ya cika, masunta a yankin Oshika kuma suna ta tsintar komarsu daga cikin tarkace. 'Yan uwa da ke Tokyo da Nagoya, duk wanda ya samu hutun ƙarshen mako ya zo. Masauki kuwa yana wuyana, yanzu muna da ɗaki. Allah ya saka wa kowa da alheri, amin.