Katsewar intanet mai zuwa a kan lokaci

Mafi yawan kiran da ke shigo mini daga gidajen Nima, Maamobi da Madina a Accra kuka ɗaya ne: intanet yana zuwa yana ɗaukewa. Kafin in iso mai gida ya riga ya yanke hukunci, ko dai rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ce ta tsufa ko kuma kamfanin intanet ne ke cin kuɗinsa a banza, kuma sau da yawa nakan tarar har an je kasuwar wayoyi ta Circle an sayo sabuwa an ɗaura, matsalar kuwa tana nan daram. Shekarun da na yi ina haɗa rauta da kyamarorin tsaro sun koya mini in fara da tambayar agogo kafin in taɓa kowace waya: da ƙarfe nawa ya ɗauke jiya, da ƙarfe nawa ya ɗauke yau? Katsewar da sakwarkwacewar waya ko ruwan sama ko ɗaukewar wuta ke haddasawa ba ta da ƙa'ida. Wadda ke zuwa a daidai lokaci guda kullum, ko bayan awoyi masu adadi iri ɗaya, galibi tana da nasaba da adireshin da kamfani ya ba rautar.

Adireshin nan, wanda ake kira IP, aro ne. Tsohon tsarin IPv4, wanda har yau shi ne akasarin gidaje ke kai, bai wuce adireshi kusan biliyan 4.3 ba, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rabar da ragowar da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai hedikwata a Mauritius, wadda ke raba wa kamfanonin Afirka. Abin da ya yi ƙaranci haka ba a bar wa mutum shi har abada, don haka kamfanoni suke ba da shi na wani wa'adi ta hanyar tsarin DHCP, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa na yanzu a 1997.

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Accra zai gane tsarin da sauri, domin ɗan haya mai hankali ba ya jira sai kuɗin da ya biya sun ƙare kafin ya je wurin mai gida. Idan wa'adin awa 24 ne, rauta takan nemi sabuntawa da zarar rabi ya cika, wato bayan awa 12, kuma takan aika roƙon kai tsaye ga na'urar da ta ba ta adireshin. Idan ba a amsa ba, sai ta ci gaba da aiki tana sake gwadawa har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya wuce, wato awa 21, sannan ta yi shela ga duk wata na'urar kamfanin da za ta ji ta. Idan wa'adin ya cika ba amsa, dole ta saki adireshin ta fara nema daga farko. Wannan ɗan tsakanin, daga sakin tsohon adireshi zuwa samun sabo, shi ne abin da mutanen gida ke gani a matsayin ɗaukewar intanet, kuma shi ya sa yake zuwa a kan lokaci.

A rauta mai lafiya babu wanda zai san ana wannan cinikin. Inda na fi ganin ya lalace shi ne inda wani ya tsaurara katangar tsaron rautar har ta toshe amsar kamfani, wadda ke bi ta ƙofofin UDP masu lamba 67 da 68, ta yadda rauta ke roƙo ana amsa mata amma ba ta ji. Akwai kuma lokacin da kamfani zai sake fasalin layinsa ya ƙi sabunta tsohon adireshi; ƙa'ida ta ce rauta ta sake shi nan take, amma na ga tsofaffin rautoci suna liƙe masa sai an kashe su an kunna, kuma sabunta manhajar cikinsu kan magance hakan. Ko da komai ya tafi daidai, canjin adireshi yakan yanke duk wata hulɗa da ke buɗe a wannan lokacin, shi ya sa mai karanta labarai ba zai lura ba, amma mai aiki ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet, ko mai sauke babban fayil zai ga abin ya tsaya cak.

Wani aiki a Maamobi ya nuna mini wani salon daban. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce mini, “Ɗana, wata biyu lafiya lau, yanzu kuma sai ya ga dama.” Na ce, “Hajiya, wa ya fara haɗa miki ita?” Ta ce wani yaron maƙwabta ne mai ilimin kwamfuta. Da na shiga shafin rautar sai na ga yaron ya kwafi adireshin da kamfani ya bayar a ranar farko ya rubuta shi da hannu a matsayin na dindindin, wataƙila don kyamarar shagonta ta riƙa samuwa a wuri ɗaya. Tun daga ranar rautar ta daina neman sabuntawa, kamfani ya ɗauka adireshin ya koma hannunsa ya ba wani, sai gida biyu suka shiga kokawa a kan lamba ɗaya. Gyaran bai wuce mayar da zaɓi guda zuwa DHCP ba. Ni dai ban ga laifin yaron sosai ba, domin abin da ya yi ya yi aiki a gabansa, kuma irin wannan kuskure ba ya nuna kansa sai bayan mai gyara ya daɗe da tafiya.

Daga irin waɗannan ayyuka na koyi girmama kundin da rauta ke rubuta abubuwan da suka faru a cikinta, amma kundin ba ya da amfani idan agogonta ba daidai yake ba. Wasu rautocin idan ba su samu lokaci daga intanet ba sai ka ga suna rubuta shekarar 1970, waɗanda aka kawo daga waje kuma suna kan agogon ƙasar da suka fito. Mu a Ghana mun yi sa'a agogonmu shi ne GMT, don haka da an saita shi, lokacin da ke cikin kundi zai yi daidai da na bangon ɗaki, kuma idan mai gida ya ce abin ya faru ana kiran sallar la'asar, sai in je kai tsaye ga layukan wannan lokacin. Nakan kuma duba tsawon lokacin da rautar ta yi a kunne, saboda ƙiftawar wuta ta daƙiƙa biyu ta isa ta sake tayar da ita ba tare da kowa ya lura ba. Sannan in bar umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya ga ko za a amsa, guda biyu suna tafiya a kwamfuta, ɗaya zuwa rautar kanta, ɗaya zuwa adireshin 8.8.8.8 na Google: idan duka biyun suka tsaya, matsalar tana cikin gida, idan na waje kaɗai ya tsaya, tana tsakanin rauta da kamfani ko gaba da nan, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ranar da babu abin da mai gyara zai iya yi.

Intanet ta wayar talabijin, wadda ke tafiya a kan tsarin DOCSIS, ta fi yawa a Amurka da Kanada, mu nan fiba da rautar sim muka fi sani, amma 'yan'uwanmu da ke Bronx a birnin New York kan kira ni su ma. A can akwai ƙarin abu guda: modem, wato akwatin da layin kamfani ke shiga, yakan riƙe lambar MAC, wato lambar shaida, ta na'urar farko da aka jona masa, don haka wanda ya canza rauta bai kashe modem ɗin ya kunna ba zai iya zama ba adireshi. Nakan ce su kashe duka biyun, su kunna modem su jira fitilunsa su daidaita, sannan su kunna rauta. Idan suka ga adireshi mai farawa da 192.168.100, na wucin gadi ne da modem ke bayarwa yayin da shi kansa bai samu layi ba, kuma a nan sigina ya kamata a bincika.

Masu kyamara da ke son kallon ta daga nesa su ne suka fi jin zafin canjin adireshi, kuma maganinsu na farko shi ne DDNS, wanda ke ɗaura suna guda a kan adireshin yana bin sa duk lokacin da ya canza. Amma kafin in yi wa kowa alkawari nakan duba adireshin da ke ɓangaren waje na rautar. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfani ya haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda ke nan, kuma DDNS ba zai buɗe wannan ƙofar ba. Abin da ya rage shi ne a nemi adireshin dindindin daga kamfani, wanda galibi ana biyan ƙarin kuɗi a kansa, ko a yi amfani da manhajar kamfanin kyamarar, wadda ke fita ta nemi sabarsu, wato babbar kwamfutarsu, da kanta ba tare da ta jira a shigo daga waje ba.