Abin da na koya a ajin shari'a da 'yancin ɗan ƙasa

Shekarar farko da aka ba ni wannan ajin, yara ne 'yan shekara 15 zuwa 17 a wata sakandare a Amurka, darasin kuma yadda baƙar fata suka nemi haƙƙinsu a kotuna, da jerin shekaru na shiga. 1857 shari'ar Dred Scott da kotun ƙoli ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, 1896 shari'ar Plessy da ta halatta wariya, 1954 shari'ar Brown da ta haramta ta a makarantu, 1964 dokar 'yancin ɗan ƙasa, 1965 dokar zaɓe. Suna kwafa, suna cin jarabawa, amma wallahi kana kallon fuskokinsu ka san abun bai shiga ba.

Wata yarinya ce ta farkar da ni. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda alƙalai tara duk sun yarda a 1954, me ya kawo soja makaranta a 1957?" Tana nufin garin Little Rock, inda sai da shugaba Eisenhower ya tura sojoji kafin ɗalibai baƙar fata tara su iya shiga aji a makarantar farar fata. Nan na gane ashe jerin nan nawa yana koya musu cewa da alƙali ya buga guduma shikenan magana ta ƙare, alhali a lokacin ne ma ake fara rigimar. A gundumar Prince Edward ta jihar Birjiniya rufe makarantun gwamnati aka yi gaba ɗaya daga 1959 har 1964 don kawai kar a haɗa yara aji ɗaya, shekara biyar fa, akwai yaran da suka girma ba su koyi karatu ba saboda haka.

Toh daga nan na canza salo. Na daina farawa da alƙalai, na koma farawa da sa'o'insu. A wannan gundumar dai, a 1951, Barbara Johns tana 'yar shekara 16 ta ja ɗaliban makarantarsu ta baƙar fata suka fita yajin aiki saboda cunkoso da azuzuwan wucin gadi da ruwa ke zuba, lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, suka karɓi ƙarar, kuma tana cikin ƙararraki biyar da aka haɗa suka zama shari'ar Brown. Sai Claudette Colvin, shekararta 15 lokacin da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a garin Montgomery a watan Maris 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi suna da irin wannan ƙin, kuma sunanta na cikin masu ƙarar da ta kashe wariya a bas ɗin a 1956. Kowa a ajin ya san Rosa Parks, babu wanda ya taɓa jin Colvin. Ranar har aka buga ƙararrawa ba su tashi ba, suna gardamar me ya sa aka ɓoye ta.

Ranar Emmett Till ita ce mafi nauyi duk shekara, kuma na koyi kar in yi saurin ta. Yaro baƙar fata ɗan shekara 14, farar fata suka kashe shi a Misisipi a watan Agusta 1955. A da kan kisan nake tsayawa, yanzu kan zauren kotun nake tsayawa. Mose Wright, dattijon da yaron ya sauka a gidansa, ya miƙe a gaban jama'a ya nuna mutanen da suka zo suka ɗauke shi, a wurin da hakan zai iya jawo masa mutuwa. Juri ɗin, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga gari su yanke ko an yi laifi, duka farar fata ne maza, sun yi sama da awa ɗaya kaɗan suka ce babu laifi. Bayan 'yan watanni mutanen biyu suka faɗa wa wata mujalla cewa su suka yi, kuma doka ta hana a sake gurfanar da su a kan laifi ɗaya. Tambayar da nake jira daga yara ita ce wa ya zaɓo waɗannan 12 ɗin, kuma kullum sai wani ya yi ta.

Saboda wannan tambayar na ƙirƙiro wani wasa. Ina yanka katuna, kowanne da mutum a jiki, shekarunsa, sana'arsa, launin fatarsa. Yaro ɗaya lauyan gwamnati, ɗaya lauyan wanda ake ƙara, kowa yana da damar cire wasu daga cikin waɗanda za su zauna a juri ba tare da faɗin dalili ba. Sai na gaya musu hukuncin Batson na 1986, cewa ba a yarda a cire mutum don launinsa ba, idan an zarge ka sai ka kawo wani dalili. Wani yaro mai wayo ya ture katunan baƙar fata duka gefe, da aka tambaye shi ya ce wannan bai haɗa ido da shi ba, wannan kuma gemunsa bai yi masa ba. Aji ya ɗau ihu wai ya yi maguɗi. Na ce musu a 1995 kotun ƙoli ta amince da dogon gashi da gemu a matsayin dalilin da bai shafi launi ba. Aka yi tsit. Sannan na kawo Curtis Flowers, da aka yi wa shari'a sau shida a kan tuhuma ɗaya, mai gabatar da ƙara ya cire baƙar fata 41 cikin 42 da suka zo gabansa, sai a 2019 kotun ƙoli ta soke hukuncin. Minti ashirin na katunan nan sun fi sati biyu na bayanina aiki.

Akwai wani yaro da ba ya magana, can baya yake zama da hular rigarsa a kai. Rannan ya ce, "Malam, duk wannan a takarda ne kawai," ya ce sau uku 'yan sanda na tare shi a hanyar gida ba tare da ya yi komai ba. Gaskiya a da da na yi ta lallashinsa da cewa ai an samu ci gaba. Ban yi ba, don abin da ya faɗa ya faru da shi ne, kuma idan na musa na rasa shi. Amma ban kuma yarda in bar shi da cewa doka banza ce ba, don yaron da ya ɗauka ba shi da haƙƙi ba zai nema ba ranar da ya fi buƙata. Na ba shi labarin Gerald Gault, ɗan shekara 15 a Arizona da aka zarga da wayar batsa, aka tura shi gidan horar da yara har ya kai 21, ba lauya, alhali babba da ya yi haka tarar dala 50 ce ko wata biyu a gidan yari. Daga ƙararsa ne a 1967 aka tabbatar yaro ma yana da haƙƙin lauya da haƙƙin yin shiru. Na haɗa da yara biyar da aka zarga da kai hari a lambun Central Park na birnin New York, 'yan 14 zuwa 16, da aka yi ta tatsa a 1989 har suka amsa laifin da ba su yi ba, sai a 2002 aka wanke su.

Tun daga lokacin muke yin atisaye. Kotun ƙoli ta ce a 2010 yin shiru kawai bai isa ba, sai ka furta da bakinka cewa ba za ka yi magana ba. Don haka biyu-biyu suke tashi, ɗaya ɗan sanda ɗaya wanda aka tare, hannu a fili, murya ƙasa-ƙasa, "Zan iya tafiya? Ba zan yi magana ba, ina son lauya." Da farko dariya suke, sai wanda ke ɗan sanda ya fara matsawa, ka ga da yawa sun shiga ba da labarin da ba a tambaye su ba. Yaron nan mai hula sau huɗu ya maimaita kafin muryarsa ta daina rawa, da aka tashi ya tsaya ya ce in rubuta masa kalmomin a kati, ƙaninsa zai kai wa.