Sudan: Abin da Zanga-zanga Ta Iya, da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, na sha jin ana cewa da 'yan ƙasar sun haƙura da Omar al-Bashir, da ba su faɗa wannan masifa ba. Ban yarda da wannan magana ba, domin tana ɗora laifin masu bindiga a kan mutanen da suka fito titi ba su riƙe ko da sanda ba.

Boren da ya kawo ƙarshen mulkin shugaba al-Bashir ya kankama ne a garin Atbara ranar 19 ga Disambar 2018, bayan farashin burodi ya ninka sau uku. Fushin yunwa kaɗai ba ya kayar da gwamnatin da ta shekara talatin tana mulki, domin yakan huce cikin 'yan kwanaki. Abin da ya hana wannan hucewa shi ne tsari. Ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata, wadda ta haɗa likitoci da lauyoyi da malaman makaranta da injiniyoyi, ita ce ke fitar da rana da wurin haɗuwa, yayin da kwamitocin unguwanni ke tattaro jama'a, ta yadda ko an kama shugabanni a yau, gobe wasu za su tsaya a gurbinsu. Mata kuwa suna sahun gaba tun daga farko.

Ranar 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar sojoji da ke Khartoum. Da gangan suka zaɓi ranar, domin a irinta ce aka kawar da shugaba Jafar Nimeiri a 1985, kamar yadda boren 1964 ya kawar da Janar Ibrahim Abboud. Zaɓen wurin ma akwai hikima a cikinsa, saboda ya tilasta wa soja ya bayyana inda ya tsaya. Da jami'an tsaron gwamnati suka zo tarwatsa taron, sai wasu ƙananan sojoji suka kare masu zanga-zangar, kuma ranar 11 ga watan manyan hafsoshi suka tuɓe al-Bashir. A ganina nan ne ƙarfin zanga-zangar lumana yake: takan sa wanda aka ba umarnin harbi ya fara tunanin ko ɗan'uwansa na cikin taron.

Sai dai mutum ɗaya ne ya tafi, makamai da dukiya suna hannun waɗanda suka yi masa aiki. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen watan azumi, dakarun kai ɗaukin gaggawa da ake kira RSF da wasu jami'an tsaro suka far wa masu zaman dirshan, inda kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, aka kuma katse intanet. Duk da haka jama'a suka sake cika tituna ranar 30 ga Yuni, abin da ya kai ga yarjejeniyar raba mulki tsakanin sojoji da farar hula a watan Agusta da naɗa Abdalla Hamdok firaminista.

Wannan yarjejeniya ce take damuna har yau, ko da yake ba na ganin baiken waɗanda suka sa mata hannu don tsayar da zubar da jini. Ta bar shugaban sojojin ƙasar, Janar Abdel Fattah al-Burhan, da shugaban RSF, Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, kowanne da rundunarsa. Su biyun suka haɗa kai suka kifar da ɓangaren farar hula ranar 25 ga Oktoban 2021, daga baya kuma suka saɓa a kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja, har ta kai su ga gwabza yaƙi a tsakiyar babban birni. Taron titi ya iya raba kan sojoji na 'yan kwanaki, amma ba shi da hanyar raba su da makamai, kuma ƙasashen wajen da suka shiga tsakani ba su matsa a kan wannan batu yadda ya kamata ba.

Kwamitocin unguwannin kuwa ba su watse ba. Bayan juyin mulkin 2021 sun ƙi duk wani sulhu da sojoji, kuma da yaƙi ya zo, matasansu da dama ne suka kafa cibiyoyin agajin gaggawa, suna dafa abinci a unguwanni, suna nemo magani, suna fitar da iyalai daga wuraren da ake luguden wuta.